Ƙwallon Garinmu Ba Filin Atisayen Manya Ba Ne

Akwai wata yamma da har yau ba ta fita daga raina ba. Kaka ta yi, an gama yankan gero, gari ya ɗan sarara, mu kuma muna da wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar cin kofi ta yankinmu. A lokacin, bayan aikina na koyarwa, ni ne nake riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar unguwarmu a Kazaure. Littafin bai wuce irin na 'yan firamare ba, amma duk wanda ya buɗe shi zai ga unguwar gaba ɗaya a ciki: tela ya ba da ɗari biyu, mai shayi ya ba da ɗari, wata gwaggo mai ƙosai ta aiko da hamsin, direban da ke jigila tsakanin Kazaure da Roni ya ce zai ɗauki yara kyauta in dai an zuba masa mai. Tun da hantsi samari suka bi gida-gida suna ɗebo toka, suka ja layin fili da ita. Mai tsaron ragarmu safar hannu ɗaya ce tasa, ɗayar aro ya yi wajen wani abokinsa ɗan Gwiwa, launinsu ma ba ɗaya ba.

Waɗanda za mu kara da su ƙaramar ƙungiya ce ta wani babban kulob daga birni, irin waɗanda muke kira fidas. Mun gan su a zagayen farko: yara ne ƙanana, masu kyawun taɓa ƙwallo, amma ba su fi ƙarfinmu ba. Ran nan da motarsu ta tsaya, sai ga mutum uku sun sauko waɗanda muka san fuskokinsu sarai, domin mun sha biyan kuɗin mota mu je kallonsu a babbar ƙungiyar. Aka ce mana sun taso daga jinya ne, koci yana so su warware ƙafa. Muka kai ƙorafi wajen masu gasa, suka ce sunayensu na cikin takarda. Aka zura mana huɗu ba ko ɗaya.

Ba cin ne ya dame ni ba, an sha cin mu kafin nan. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda wasan ya tashi. Alƙali ya busa, babu wanda ya yi tsalle, babu ganga, babu guɗa. Suka kwashe jakunkunansu suka shige mota kamar ma'aikatan da suka tashi daga aiki. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin fili ya jawo hannun rigata ya ce, "Malam, don Allah waɗannan 'yan wane gari ne?" Na ce, "Baba, ba 'yan wani gari ba ne, yaran kulob ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in sun ɗauki kofin, ƙofar gidan wa za su kai shi?"

Ranar wasan ƙarshe babu wanda ya kira taro, babu wanda ya ce kada a je. Mutane ne kawai suka zauna a gida. Filin da akan rasa wurin tsayawa har yara su hau bishiya, ran nan da ka tsaya a gefe ɗaya kana jin maganar mutumin da ke ɗaya gefen. Baba mai rake ya koma da rakensa kusan yadda ya kawo shi.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin ƙaramin takaicin ƙauye. Sai daga baya na fahimci cewa tambayar da Baba ya yi mini, ita ce dubban magoya baya suka yi ta yi a Ingila, ƙasar da ta tsara wa duniya dokokin wannan wasa.

A shekarar 2014, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila na lokacin, Greg Dyke, ya fito da shawarar a ƙirƙiro sabon rukuni a ƙasan gasar ƙwararru, a cusa ƙananan ƙungiyoyin manyan kulob-kulob na Firimiya a ciki, su riƙa karawa da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa. Hujjarsa ita ce matasan Ingila ba sa samun wasa mai zafi, shi ya sa tawagar ƙasar ta kasa kataɓus. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suka yi ca a kansa, shawarar ta mutu. Amma bayan shekara biyu sai ta dawo ta wata ƙofa. Akwai wani kofi da ake bugawa tun kakar 1983/84, wanda aka keɓe wa ƙungiyoyin rukuni na uku da na huɗu, domin su ma su samu hanyar zuwa filin Wembley. A 2016 aka buɗe shi, aka gayyato tawagogin matasa 16 daga makarantun horarwa na manyan kulob, aka haɗa su da ƙungiyoyi 48 masu kofin. Aka zuba ƙarin kuɗi a kan kyaututtuka domin shugabannin ƙananan ƙungiyoyi su amince, suka kuma amince.

Magoya baya ba su amince ba. Ba su ƙona taya ba, ba su jefi kowa ba. Gida suka zauna. A daren farko, wasan Fleetwood da matasan Blackburn mutum 392 ne suka kalla. Daga baya wasan matasan West Brom da Gillingham ya samu mutum 274. Ka tuna, waɗannan mutane ne da ke bin ƙungiyarsu ɗaruruwan kilomita cikin sanyin hunturu. Abin da ya ƙara fusata su shi ne dokar da ta tilasta wa ƙananan ƙungiyoyin su sa aƙalla mutum biyar daga cikin manyan 'yan wasansu, in sun saɓa a ci su tarar fam 5,000. Wato yaron Chelsea yana da 'yancin ya koyi wasa a jikinka, amma kai ba ka da 'yancin ka gwada naka yaron. Luton Town ta zuba matasanta, aka ci ta tarar fam 15,000. Bradford City kuwa ta fara wasa da babban mai tsaron ragarta don cika doka, bayan minti uku ta cire shi. Wannan shi ne abin da kofi yake komawa idan aka mayar da shi aji.

Ni ina tare da waɗannan magoya baya ɗari bisa ɗari, kuma dalilina ba daga Ingila na samo shi ba. Daga bakin filinmu na samo shi.

Ƙungiyar ƙaramin gari ba 'yan wasa goma sha ɗaya ba ce kawai. Gari ne ya sa riga ya shiga fili. Idan Babura ta kara da Kazaure, mahauci da ɗan acaɓa da malamin makaranta duk suna cikin wasan, kuma sakamakon zai bi su har kasuwa, a yi mako ana tsokanar juna cikin raha. Wanda aka ci ya san wanda ya ci shi, ya san inda zai same shi baɗi ya rama. Wannan shi ne gishirin abin. Ita kuwa ƙaramar ƙungiyar babban kulob ba ta da unguwa, ba ta da mai ƙosai da ta ba da hamsin. Idan ka ci ta, a ce ai yara ka ci. Idan ta ci ka, a ce yara ma sun ci ka. Ta kowace fuska kai ne a ƙasa. Ita kuma ko ta ci ko an ci ta, kocinta ya samu abin da ya zo nema, domin shi gwaji ya zo yi. Mutum biyu ba za su yi kokawa ta gaskiya ba idan ɗaya yana kare sunan gidansu, ɗayan kuma yana motsa jiki.

Sai kuma batun adalci, wanda na ɗanɗana da kaina. Ƙungiyar gari tana da 'yan wasa ashirin ko ƙasa da haka, su ne jiya, su ne yau. Ƙaramar ƙungiyar babban kulob kuwa tana da ƙofa ta baya da ke buɗe zuwa babban gida. Yau ta fito da 'yan shekara goma sha bakwai, Roni ta ci ta. Mako mai zuwa ta sauko da manya uku, ta lallasa Gwiwa. A ƙarshen kaka maki ukun nan su ne za su raba wanda ya hau da wanda ya zauna, alhali Roni da Gwiwa ba abokin karawa ɗaya suka fuskanta ba, suna ne kawai ɗaya. A nan ƙasar, inda rajistar 'yan wasa a ƙananan gasanni sau da yawa takarda ce da hoto manne da gam, inda shekarun haihuwa ma ake ta muhawara a kansu, wa zai tsare wannan ƙofa?

Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari ma sun ga inda yake kai mutum. A Sifen, a 1980, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid mai suna Castilla ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar, ta haɗu da uwarta. Real Madrid ta ci 6-1. Gida ɗaya ya buga da kansa, ya ba kansa kofi. Bayan wasu shekaru aka daina barin irin waɗannan ƙungiyoyi su shiga kofin. A Jamus ƙaramar Hertha Berlin ta kai wasan ƙarshe a 1993, kuma tun 2008 an rufe musu ƙofar kofin ƙasar. A 2020 ƙaramar Bayern Munich ta zo ta ɗaya a rukuni na uku na Jamus, amma doka ba ta ba ta damar hawa ba. Haka ƙaramar Ajax ta yi a rukuni na biyu na Holan a 2018. Ka duba wannan: an yi kaka guda ana gumi, wanda ya zo na ɗaya ba ya zuwa ko'ina. A Sikotilan an shigar da ƙananan Celtic da Rangers rukuni na biyar a 2021, amma da aka so a ƙirƙira musu sabon rukuni na musamman a 2023, ƙin amincewar ƙungiyoyi da magoya baya ya sa aka janye shawarar.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A watan Yulin 2013, a Bauchi, aka buga wasannin neman gurbin hawa a can ƙasan tsanin gasar ƙasarmu. Ƙaramar ƙungiyar Plateau United da Police Machine suna kankankan, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka tafi hutun rabin lokaci Plateau United Feeders tana cin Akurba 7-0, Police Machine tana cin Babayaro 6-0. Da aka tashi, sakamakon farko 79-0 ne, na biyu 67-0. Ƙwallo 72 a cikin minti arba'in da biyar. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma. Ba zan ɗora wa fidas laifin su kaɗai ba, domin ɗaya ce cikin huɗu. Amma abin ya nuna mana irin raunin da ke ƙasan tsaninmu, inda babu kyamara, babu idon jarida. Gidan da katangarsa ta tsage haka, ba a ƙara ɗora masa kaya.

Ga wani misalin na kusa-kusa. A 2024 ƙungiyar Beyond Limits ta Ikenne a jihar Ogun ta samu gurbin hawa babbar gasar Najeriya. Yara ne masu hazaƙa, a shekarar ma sun ɗauko kofin matasa na Viareggio a Italiya, babu mai musun ƙwarewarsu. Sai dai mai ita shi ne mai Remo Stars, wadda dama tana cikin babbar gasar, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe ƙungiya biyu a rukuni ɗaya. Ƙarshenta gurbin ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo a wannan kakar. A 2025 Heartland ta sake faɗowa. Ka sa kanka a matsayin ƙungiyar da ta yi kaka guda tana bin hanya, tana kwana a mota, Beyond Limits ta sha gabanta da maki kaɗan, sannan ta ga gurbin ya tafi ga wanda bai buga gasar ba sam. Me za ka faɗa wa magoya bayanka baɗi idan ka ce su fito?

Na san abin da masu goyon bayan tsarin za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Yaro ba ya zama ɗan wasa sai ya gwabza da manya. Messi ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Barcelona. Guardiola ya fara horarwa a ƙaramar Barcelona a kakar 2007/08, a rukuni na huɗu, daga can ya taho da Busquets da Pedro. A nan gida kuma, wani uba a Gwiwa zai ce mini, "Malam, in yaran babban kulob ba su zo nan ba, wa zai ga ɗana?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Ni ma na koyar da yaran da na tabbata da an gan su da sun yi nisa.

Amma a duba da kyau wanda tsarin yake amfana. Idan babban kulob yana da gurbi a ƙaramar gasa, ba ya bukatar ƙungiyar garinku. Zai zo ya ɗebe yara biyar mafi kyau a Kazaure da Babura, ya sa musu rigarsa, ya dawo da su su ci garinsu. Cikin biyar ɗin watakila ɗaya ya hau, huɗu su dawo gida bayan shekara biyu, su tarar ƙungiyar da ta raine su ta watse. In kuwa babu wannan gurbi, dole babban kulob ya zo da ladabi: ya aiko mai duba 'yan wasa, ya zauna da shugabannin ƙungiya, ya biya wani abu, ko ya ba da aron yaronsa ya buga mana kaka guda cikin rigarmu. Yaron birni da ya zo aro ya buga wa Roni, ya ji yadda gari yake ɗaukar wasa, ya ji nauyin idon mutane dubu a kansa, zai fi koyon ƙwallo a kan wanda ya zo cikin motar kulob ya koma. Sannan babu abin da ya hana manyan ƙungiyoyi su yi gasarsu ta matasa. An taɓa yin ta 'yan ƙasa da shekara 15 tare da haɗin gwiwar gasar Sifen, ba sabon abu ba ne. Kano Pillars da Katsina United da Barau da El-Kanemi da Wikki suna da yara isassu da za su kara da juna duk mako. Su yi atisaye a gidajensu. In suna son gwada ƙarfi da mu, ga wasan sada zumunta nan, ƙofa a buɗe take, har ruwa za mu ba su. Amma inda ake rabon maki da kofi da gurbin hawa, a bar wa masu gari.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin nan ne maganar ta fi yi mini ciwo.

Abin da ya burge ni game da magoya bayan Ingila shi ne hanyar da suka bi. Mu a nan idan ranmu ya ɓaci a fili, dutse ne da gora. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano bayan wasa, aka kwashe wa Kano Pillars maki uku, aka ci ta tara, aka kai wasanninta wani gari. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ɗauki gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu. Wanda ya yi jifa yana ganin ƙungiyarsa yake karewa, alhali ita ya jefa. Kujerar da babu kowa a kanta kuwa ba ta fasa kan kowa, ba ta jawo tara, amma mai shirya gasa yana jin ta a aljihunsa, mai ɗaukar nauyi yana ganin ta a hoto. Wannan hanya ce ta masu hankali, kuma ta dace da tarbiyyarmu.

Sai dai ƙaurace wa fili yana da sharaɗi: sai wanda dama yake zuwa. Rashin mutanen Ingila ya yi ƙara ne saboda an san yawansu. Shaida kuwa, a wannan kofin da suka guje wa, da aka zo wasan ƙarshe a 2017 tsakanin Coventry da Oxford, gari da gari, mutum sama da 74,000 ne suka cika Wembley. A 2019 Portsmouth da Sunderland, dukkansu a rukuni na uku a lokacin, sun tara mutum 85,021. Gaskiya ne har yau ba a cire matasan manyan kulob daga kofin ba, a 2024 ma an ƙirƙiro wani makamancinsa a rukuni na biyar. Amma gasar lig ɗinsu, wadda ita ce aka fara nufa a 2014, har yanzu babu ƙaramar ƙungiyar kowa a cikinta. Sun tsare babban ɗaki saboda masu mulkin ƙwallo sun san abin da zai biyo baya.

Mu fa? Ka zaga Kanti a nan Kazaure da yammacin Asabar ka gani. Gidajen kallo cike maƙil, janareta na ruri, ana zufa a kan benci, ana musu kamar za a daku a kan Arsenal da Manchester United. Yaro zai lissafo maka 'yan wasan benci na Chelsea, har da kuɗin da aka sayo su, amma ka tambaye shi wa ke tsaron ragar ƙungiyar unguwarsu, sai ya yi maka shiru. Ban ce kallon Turai laifi ne ba, ni ma ina kallo. Amma mun riga mun ƙaurace wa namu filin tun ba a yi mana laifi ba. Wanda bai taɓa zuwa ba, in ya ce ya daina zuwa, wa zai lura? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jigawa Golden Stars ta jiharmu ce, ta buga babbar gasa har ta faɗo a 2021, an kuma sha kai wasanninta na gida wajen jihar. Mu nawa daga wannan yanki muka taɓa bin ta? Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 80 ce, zukatan yawancinmu can suke, wajen Masu Gida, wato Kano Pillars, sauran kuma suna Landan da Madrid. Ba abin kunya ba ne mutum ya so Pillars. Abin kunya shi ne a ce filin da ke bayan gidanku ba ka san ranar wasansa ba.

Kuma wannan sakacin namu shi ne yake buɗe ƙofar. Mai shirya gasa ba mugu ba ne a kullum. Yana da alƙalai da zai biya, da ƙwallaye da raga da kofi da zai saya. In ƙungiyoyin gari sun kasa biyan kuɗin rajista, 'yan kallo kuma ba sa ba da ko sisi a ƙofa, sai ga ƙaramar ƙungiyar babban kulob ta zo da kuɗinta a hannu da riguna masu kyau, me kake zato zai yi? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Don haka kirana kashi-kashi ne. Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Jigawa da masu shirya gasanni a ƙananan hukumomi: a rubuta doka a fili tun kafin a buga wasan farko. Ƙungiyar da take reshen wata ce, kada ta shiga gasar da ake hawa ko ake faɗuwa a cikinta. In an ga dole sai an bar ta a gasar kofi, to a rufe rajistarta tun ranar farko, a liƙa sunaye da hotuna inda kowa zai gani, kuma duk wanda ya buga wa babbar ƙungiya a wannan kaka kada ya sauko. Tun ran gini ran zane.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da maƙwabciyarmu 'Yankwashi: ba babban filin wasa muke roƙo ba. A kewaye wanda ake da shi, a yi masa ƙofa, a hana masu gini cinye shi. Fili mai ƙofa shi ne ke ba ƙungiya damar karɓar naira hamsin ko ɗari daga mai kallo, wannan kuɗin kuma shi ne 'yancinta. Gasar da ake tunawa da ita sai an kusa zaɓe ba ta gina ɗan wasa. A yi mana lig na yanki mai jadawali, gida da waje, duk shekara bayan kaka.

Ga masu hali na garuruwanmu, 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke Dutse da Kano da Abuja: kuɗin riga saiti ɗaya da ƙwallo biyar bai kai abin da wasunku ke kashewa a biki ɗaya ba. Yaron da yake da atisaye ƙarfe huɗu na yamma, yana da inda zai je, yana da wanda zai tambaye shi in bai zo ba. A wannan zamani na shaye-shaye, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ga 'yan'uwana magoya baya kuma, musamman matasa: ku kafa ƙungiyar magoya baya mai shugaba da littafi, ko da mutum talatin ne. Ku je fili, ku biya a ƙofa, ku san dokar gasa kafin a fara. Ranar da aka kawo muku tsarin da zai mayar da garinku filin gwajin wasu, ku rubuta ƙorafi, ku je ku zauna da masu gasa cikin mutunci. In sun ƙi ji, kada wanda ya ɗauki dutse. Ku zauna a gida gaba ɗayanku, ku kuma faɗi dalili. A ranar ne za a san cewa kuna nan.

Baba mai rake ya rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa ba shi amsar tambayarsa ba, domin a lokacin ba ni da ita. Yau ina da ita. Kofin ƙaramar gasa na wanda yake da ƙofar da zai kai shi ne: ƙofar mai unguwa, ƙofar hakimi, ƙofar gwaggon da ta ba da hamsin. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan ƙofa, ta nemi gasar da ta dace da ita. Mu kuma masu ƙofar, ranar wasa ta gaba, mu fito fili.